Duwatsun Murhun Inna

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka kwance kayana a tsakiyar kasuwar Ajingi ba, ko da kuwa tsufa ya kai ni ga manta sunayen jikokina. Yanzu ina ba da labarin ina dariya, amma a ranar da ƙasa za ta tsage, da na shige na ja ta na rufe kaina.

Ni maɗinki ne. A Gaya aka haife ni, a zauren gidanmu na koyi aikin allura, a nan kuma na yi niyyar tsufa. Kafin waccan shekarar, tafiyata mafi nisa ita ce Balan, ita ma ta'aziyya ce ta kai ni. Ko Dutse da ke nan gabas da mu ban taɓa takawa ba. Ga ni da wani hali da Allah ya ɗora mini: ba na soka allura sai na zana, ba na zanawa sai na yini ina tunanin inda zanen zai karkace. Mai ɗakina takan ce da fargaba noma ce, da rumbunmu ya fi na sarkin noma cika.

Mu biyu Inna ta haifa, ni da Yaya Ilu. Shi maƙeri ne, ya bi fatake zuwa tsaunukan ƙasar Bauchi inda ake narka ƙarfe, ya ce rani ɗaya zai yi. Rani ya bi rani. Labari ya zo ya yi aure, labari ya zo ya haihu, shi dai bai zo ba. Inna kuwa, tun da shi ne ɗanta na fari, ko sunansa ba ta faɗa, balle ta ce tana kewarsa. In ta matsu sai ta ce "wancan". A cikin haka yanar ido ta fara rufe mata gani.

Wata rana da la'asar, bayan an gama girbi, na shiga gaishe ta. Ta ɗago ta dube ni, ta daɗe tana duba.

"Auta, kai ne? Ban gane ka ba sai da ka yi magana."

Na ce ni ne. Ta ci gaba da tsinke zogalenta, can sai ta ce, kamar da kwanon take magana, "Ko wancan yana nan da tabon nan nasa na goshi?"

Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Amma na fita daga ɗakin ina sane da cewa idon nan ba zai jira wani ranin ba. In ba wanda ya je ya taho da Yaya Ilu bana, to ba za ta sake ganinsa ba. Na duba gabas na duba yamma, babu wani ɗa da ya rage mata sai ni, mai tsoron ƙadangare.

Ayari ɗaya ne tak ke zuwa wajen daga ƙasarmu, na Madugu Sambo na Ajingi, sau ɗaya kuma a shekara. Kowa ya san ƙa'idarsa. Jakuna a gindin tsauni ake barinsu, daga nan kwana da kwanaki kowa kayansa a kansa, a hanyar da mutum biyu ba sa jerawa. Saboda haka kafin a tashi, duk baƙon tafiya sai ya kawo kayansa gaban ayari, ya ɗora wa kansa da kansa ba mai taya shi, ya zaga ya dawo. Wanda ya kasa, ya koma gida ya jira baɗi. Na aika masa ina so, ya aiko cewa in zo ranar kasuwa ya gan ni.

To daga nan na fara shiri, daga nan kuma barci ya yi mini ƙaura.

An ce matambayi ba ya ɓata, sai na nemi Baba Tanko, wani tsohon ɗan dako da ya yi wannan hanyar tun yana saurayi, ya baro ɗan yatsan ƙafarsa ɗaya a can. Kullum yana zaune gindin tsamiyar ƙofar gari. Nakan kai masa goro, shi kuma ya ba ni abin tsoro. (Sai daga baya na gane cewa tsohon ya lura da inda goron ke fitowa. Duk ranar da labarin ya fi muni, washegari goron ya fi girma.)

"Sanyin can, ɗana, ba irin naku ba ne. Na ga ƙato yana kuka da hawaye, hawayen na tsayawa a kumatu."

Na koma gida na ƙara bargo a kan bargo, na haɗa da buzu.

"Takalmi kuwa, tsauni cinye shi yake kamar kura ta samu ƙashi."

Na je wajen baduku na sa aka yi mini fade har ƙafa uku.

Ya yi mini maganar macizai, na sayi maganin sara da na harbi. Ya yi maganar ƙishirwa, na ɗauki salka da goruna. Ya ce akwai kwazazzabon da in ka jefa abu sai ka gama alwala kafin ka ji faɗuwarsa, na sayi doguwar igiya, ban ko tsaya tunanin wa zai riƙe ɗaya bakin ba. Ya ambaci mahara, na aro takobin maƙwabcina wanda tsatsa ta riƙe shi a kube, ko mai shi bai taɓa ganin tsirararsa ba. Guzuri kuwa ba a magana: gumba, dakuwa, kilishi, ƙuli-ƙuli, daddawa, garin kuka, da tukunyar da zan dafa. Layu sai da suka cika mini damtse har hannuna ya daina sauka daidai.

Ban tsaya nan ba. Na ce jiki ma sai an shirya shi. Kullum bayan sallar asuba sai in ɗauki kaya a ka, in je in hau ganuwar gari ta inda ta zube, in sauko, in sake hawa. Sai dai kayan da nake gwajin da su ƙunshin auduga ne, don na yi lissafin kada in ƙarar da ƙarfina tun kafin tafiya ta zo. Matan da ke fita ɗebo ruwa sukan tsaya su kalle ni. Na ji wata tana ce wa 'yar'uwarta, "Allah sarki, ɗan Inna. Ga shi da hankali a da."

Ana saura 'yan kwanaki, ina zaune ina bin kayana ɗaya bayan ɗaya a zuci, sai na ga akwai giɓi. Ga tukunya, ga gari, ga ƙyastu na kunna wuta. To a kan me zan ɗora tukunyar?

Kada ka yi saurin dariya, mai karatu, sai ka ji hujjata. Ƙasarmu rairayi ce da laka. Kana iya yini kana tafiya ba ka yi tuntuɓe da dutsen da ya kai ƙwan zabo ba. Yawancin matan garinmu da curin yumɓu suke kafa murhu, ko su kife tsofaffin tukwane. Kuma na taɓa ɗanɗana wannan azabar. A waccan tafiyar tamu ta Balan, mun tsaya a hanya za mu dafa ɗan abin da za mu ci, muka nemi abin girka tukunya muka rasa, muka tattaro busasshiyar laka. Tuwo na gab da nuna, ɗaya curin ya ruguje, tukunya ta kife a wuta. Da yunwa muka isa gidan makoki, har ana yaba mana yadda mutuwar ta taɓa mu.

Za ka ce, ai tsauni za ka, tsauni kuwa dutse ne. Na yi wannan tunanin, wallahi na yi shi. Amma ni a raina tsauni wani ƙaton dutse ne guda ɗaya, sumul, kamar rumbun da Allah ya kife. Wa zai fasa mini shi? Da me? Kuma na ƙi tambayar Baba Tanko, don kada ya ce duk tunanina a ciki yake. Ga shi ya taɓa gaya mini da bakinsa, "Abin da ka san ba za ka samu a hanya ba, shi ake ɗauka." Na ce to, magana ta ƙare.

A duk unguwarmu mace ɗaya ce ke da murhun dutse na gaske, ita ce Inna. Guda uku ne, baƙaƙe wuluk, ta gaje su daga mahaifiyarta, da su aka kawo ta daga Kademi tana amarya. Ko aronsu ba ta bayarwa. An taɓa yin biki a maƙwabta aka aiko neman su, ta ce a gaya wa mai bikin ta ba da zanenta na ado in ana so, amma ban da murhu.

Na je na durƙusa ina kame-kame. Na yi mata bayanin Balan, na yi mata bayanin yadda tsauni yake (ni da ban taɓa ganinsa ba). Ita ma ba ta taɓa wuce Kademi ba, sai ta saurare ni kamar mai sauraron malami.

"In babu su ba za ka ci abinci a hanya ba?"

"Da wuya, Inna."

"In ba ka ci ba kuwa ba za ka isa ba."

Sai ta miƙe, ta lalubo tsohon zanenta, ta yaga shi uku.

"Naɗe kowanne daban, kada su gogi juna."

Na karɓa ina jin daɗin kaina, ina cewa yanzu kam shiri ya kammala, ba abin da na manta.

Na zaga gari na yi ban kwana. Na nemi gafarar kowa, har wanda ban taɓa yi wa laifi ba. Liman ya yi mini doguwar addu'a a ƙofar masallaci, gwaggonnina suka yi kuka, wani abokina ya ce in na ga ba zan dawo ba in aiko a ba shi almakashina. Ranar kasuwar Ajingi, maza biyu ne suka kinkimi kayana suka ɗora wa jakin da na aro. Jakin ya yi wani nishi, ya waiwayo ya dube ni. Mai ɗakina ta ce, "Malam, kai da za ka ɗauka da kanka, ba ka gwada ba?" Na ce mata ai an yi gwaji a ganuwa, kada ta sa mini baki a harkar maza.

Duk hanya ina tafe ina lissafin abin da zai iya faruwa. In Madugu ya ce na cika rama fa? In ya tambaye ni ko na taɓa tafiya? In ya ce babu gurbi? Na tanadi amsar kowace tambaya. Tambayar da aka yi mini ce kaɗai ban tanada ba.

Mun isa kasuwa ta cika ta batse. Ayarin yana gefen masu hatsi, ƙarƙashin wata kuka. Madugu Sambo gajere ne, baƙi, busasshe kamar kilishi, yana zaune a kan buhun kanwa yana cin goro. Na faɗi na yi gaisuwa.

"Kai ne maɗinkin Gaya, ƙanen Ilu maƙeri?"

"Ni ne, Allah ya ba ka nasara."

"Wannan kayan na mutum nawa ne?"

"Nawa ne ni kaɗai."

Ya dubi kayan, ya dube ni, ya tofar da tukar goro. "To bismilla."

Kafin ni an gwada mutum biyu, kowanne ya sunkuya ya cilla kayansa ka kamar hula. Na naɗa gammo na ɗora. Na tofa addu'a a tafin hannu. Na sunkuya na kama igiya na ja. Kayan ba su san ina yi ba. Na gyara tsayuwa, na ja da ƙarfin da ban san ina da shi ba, suka taso har gwiwa. Na turo su cinya. Daga nan sai muka fara shawara da su, ni ina so su hau, su suna so su sauka, kuma suka fi ni hujja. Na tafi da baya da baya, na zauna daɓas cikin tallan wata mai daddawa, kayan suka bi ni suka zauna a cikina. Gammo ya yi nasa wuri.

Mutane suka fara taruwa. Ka san kasuwa, ba ta son abin da ya wuce kyauta.

"Ku ɗaga shi," in ji Madugu. "Kwance mu gani."

Na fara kwancewa. Bargo ya fito, wani bargon ya fito, buzu ya fito. Wani daga cikin 'yan ayarin ya ce, "A'a, amarya za a kai?" Takalma suka fito. Igiya ta fito, aka yi ta ja ba ta ƙare ba. Madugu ya ɗauki takobin ya gwada zarewa, ya kira wani ƙato suka ja tare, ya mayar ya ajiye a hankali. Duk wannan ina iya jurewa. A raina ina cewa, bari su kai ƙasa, za su ga mutumin da ya yi tunanin abin da su ba su yi ba.

Aka kai ƙasa. Ga ƙunshi uku a jere, kowanne a naɗe cikin zane.

Madugu ya ɗaga ɗaya ya jinjina, fuskarsa ta canja. Ya rage murya. "Malam, in wani abin daraja ne, ba a kwance shi a kasuwa. Gishiri ne? Ko tozali?"

Allah ya ba ni ƙofar fita a nan, ni kuwa na rufe ta da hannuna. Na ce da ƙarfi, yadda kowa zai ji, "A kwance, ranka ya daɗe. Abin amfanin ayari ne gaba ɗaya."

Ya warware zanen. Dutse ya bayyana, baƙi, da tokarsa. Ya juya shi, ya shinshina, ya ƙwanƙwasa da zobensa ko akwai wani abu a ciki. Ya buɗe na biyu. Ya buɗe na uku. Ya jera su a ƙasa, kuma don ƙarin masifa, hannunsa da kansa ya jera su yadda ake girka tukunya.

"Wannan fa?"

"Murhu ne, Allah ya ba ka nasara."

"Murhu."

"Saboda girki a hanya. Kada a je a rasa."

Kasuwar ta yi tsit, har ina jin kukan akuya daga can ɓangaren mahauta. Madugu ya tambaye ni a hankali, kamar mai magana da marar lafiya, "Ɗan'uwa, ina aka ce maka za mu?"

"Tsauni."

Ban san wa ya fara ba. Ina jin mai daddawar nan ce, wadda na zauna wa a kaya. Dariya ta tashi kamar kogi ya ɓalle, ta bi rumfa rumfa. Ƙaton da ya taya jan takobi ya kwanta a ƙasa yana dukan rairayi. Wani tsoho ya dafa bishiyar kuka yana tari yana cewa a taimake shi. Waɗanda ke nesa suna tambayar me ya faru, ana ba su labari, su ma su kama. Na ji ana cewa, "Dutse zai kai wa tsauni gudummawa!" Madugu kansa hawaye yake sharewa da bakin rawani. Da ya samu numfashi sai ya ce, "Yaro, a can in ka ga ƙasar da za ka shimfiɗa buzu babu dutse a ƙarƙashi, ka yi sadaka. Mu da muke roƙon Allah ya rage mana su!"

Ni dai ina tsaye, daddawa a bayan rigata. A lokacin ne hoton tsaunin nan nawa mai sumul ya rushe, na ga wautata tsirara.

"Tattara ka koma gida," in ji Madugu, har yanzu da sauran dariya a muryarsa. "Allah ya ba ka allura, ka riƙe ta. Hanyar nan ba taka ba ce."

Da don ni kaɗai ne, wallahi da gudu zan bar Ajingi, in ma canja gari. Har na sunkuya zan fara tattarawa, sai idona ya faɗa kan yagaggen zanen Inna. Tsoron da ya fi kunya ya kama ni. In na koma, me zan ce mata? Ta jira baɗi da wane idon?

Na durƙusa a gaban mutumin nan, a gaban duk masu dariyar. Na ce, "Madugu uban tafiya, ni wawa ne, kowa ya gani, ba sai an kira shaida ba. Amma mahaifiyarmu idonta na rufewa. Ɗanta na fari yana can, ba ta iya ko kiran sunansa. Duwatsun nan nata ne, tun na uwarta, ko aro ba ta bayarwa. Na ce mata sai da su zan isa, ta yaga zanenta ta naɗe mini. Ka zubar da duk abin da ka ga dama a kayan nan, amma kada ka bar ni."

Dariyar ta ragu. Madugu ya dubi duwatsun ya daɗe.

"Murhunta ne na girki? Wanda take amfani da shi?"

"Shi ne."

"To yau a kan me ta ɗora tukunya?"

Na yi tunanin sanyi, na yi tunanin maciji, na yi tunanin ramin da ban taɓa gani ba. Wata guda ina tunani. Ko sau ɗaya ban tambayi kaina a kan me tsohuwar da ba ta gani sosai za ta yi girki ba. Wannan ta fi dariyar kasuwa ciwo, har yau kuma ita ce ke tashe ni in na tuna.

"Ga gwajinka," in ji shi. "A ɗora wa jakin nan tarkacen a kora shi gida. Kai kuma ka ɗauki duwatsun nan a kanka, da ƙafarka, ka mayar Gaya, ka girka mata su da hannunka. Jibi da hantsi muna tashi. In na gan ka a nan da bargo ɗaya, takalmi ɗaya, gora da guzuri, ka shiga layi. In ban gan ka ba, ka gaida gida."

Haka na ratsa kasuwar Ajingi da murhu a ka. Wannan karon na ɗora da kaina, don kunya ma ƙarfi ce. Ana buɗa mini hanya ana yi mini kirari. "A gaida Na-murhu!" "Malam, a sauka lafiya, a gaida tsauni!" Tun ban kai rabin hanya ba wuyana ya shige cikin kafaɗuna, na gane bambancin dutse da auduga. Na huta a gindin kowace bishiya da ta yi mini kama da mai tausayi.

Na shiga Gaya da yamma, ta ƙofar da na fita da safe ana yi mini addu'a. Baba Tanko yana gindin tsamiyarsa. Labari ya riga ni isowa, don kafaɗun tsohon sai rawa suke yana danne dariya. Liman ya hango ni ya ce, "Har an dawo? Kai, addu'a ba ta faɗuwa ƙasa banza."

Na sami Inna a tsugune a madafa. Ta tattaro curin laka guda uku ta ɗora tukunya, tukunyar ta karkace, tana riƙe da bakinta da tsumma da hannu ɗaya, tana laluben itace da ɗayan. Mai ɗakina ta ce tun rana take roƙonta ta bari, ta ƙi.

Na sauke duwatsun. Ƙararsu kawai ta ji ta saki itacen.

"Auta? An hana ka?"

Ban taɓa jin tsoro a muryar Inna irin na ranar ba.

"Ba a hana ni ba, Inna. Jibi za mu tashi. An ce akwai duwatsu a can."

"Da yawa?"

"An ce da ɗan dama."

Ta sauke ajiyar zuciya. Ta jawo su ɗaya bayan ɗaya tana shafawa, ta san kowanne da gurbinsa, ta mayar da su ba tare da na nuna mata ba. Sannan ta ce, "To ka ci abinci. Wari kake yi kamar daddawa."

Na koma Ajingi a kan lokaci, ƙafafuna duk bororo, kayana kuwa ko yaro ya ɗauka. Madugu ya dube ni ya ce, "Na-murhu, shiga tsakiya." Sunan ke nan da ya bi ni har yau, jikokina ma sun ɗauka sunan yanka ne.

Tafiyar ta yi wuya, ba zan ɓoye ba, na yi kuka a wurare biyu ko uku. Amma gani ya kori ji. Ranar da muka fara hawa, na ga duwatsu manya da ƙanana, a sama, a ƙasa, a cikin takalmina, a ƙarƙashin haƙarƙarina in na kwanta. Duk zangon da muka sauka sai wani ya ɗauko guda uku ya kawo mini da ladabi, ya ce in duba masa ko sun kai na Gaya kyau.

Yaya Ilu kuwa, wasu fatake da suka riga mu sun kai masa labarin wani wawa da ya ɗauko murhu daga ƙasar Kano, ya sha dariyarsa bai san ƙanensa ba ne. Da na gaya masa ni ne, ya sake sabuwa. Da na gaya masa na wa ne, da yadda ta yaga zanenta, sai ya tashi ya shiga maƙerarsa ya daɗe. Ban ƙara masa ko kalma ɗaya ba. Da ayari zai juyo, yana cikinsa.

Mun iso gida da rana tsaka. Inna tana zaune a ƙofar ɗakinta. Yaya ya durƙusa daga nesa ya gaishe ta, ta amsa a gajarce tana kallon gefe, kamar jiya ya fita. Sai ta juyo wajena.

"Auta, gaya wa wancan ya matso cikin haske."

Ya matso. Ta kama kansa da hannu biyu, ta kawo fuskarta daf da tasa, ta daɗe tana duba. Ta sa yatsa a goshinsa.

"Yana nan," ta ce.

Kafin damina ta faɗi idon ya rufe gaba ɗaya.

Abin da na koya? In fargaba ta ce ka ƙara kaya, ka fara tambayar wanda ya san hanya, ko da zai ce kai mayunwaci ne, sannan ka waiwaya ka ga wa ka bari da tukunya a karkace. Af, na manta ban faɗa ba. Yaya ya yo wa Inna tsaraba daga tsauni, dutsen niƙa sabo fil, mai nauyin ɗan maraƙi. Da aka zo rabon kaya a ranar saukowa, bai ko yi shawara da kowa ba, ya nuna ni ya ce, "A ɗora wa wannan, shi ya saba."